Inda Baffa Hammawa Ya Nuna

Hanyar da ke bi ta bayan garinmu zuwa gonaki ta matsa sau uku tun ina ƙarama, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta matsa ba. Kwari ne yake cin ta. Duk damina sai ya gatsi wani yanki, masu wucewa su ɗan karkata gabas, ƙafa ta fitar da sabuwar hanya, shi ke nan. Ko sunansa an daina kira. "Can baya" ake cewa.

Maƙabartarmu tana tsakanin kwarin da gari, kuma Umma tana layin yamma. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Ni mace ce, ban raka ta ba, ban kuma taɓa taka wurin ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da Baba ya gaya mini ranar sadakar uku: "Tana gindin aduwar nan." Aduwar kuwa ana hango kanta daga ƙofar gidanmu. Duk lokacin da na zo hutu daga jami'a, kafin in shiga zaure sai na tsaya na dube ta, na yi wa Umma addu'a.

Bana da na sauka daga babur ɗin da ya kawo ni daga Kwanyawa, na juya yamma, sai na ga sarari. Babu aduwa.

"Baba, ina bishiyar nan?"

"Kin sha hanya," in ji shi. "Shiga ki sha ruwa."

Aikin digirina na biyu ne ya kawo ni gida. Ina binciken abin da ke sa jama'a su tashi su kare muhallinsu, da abin da ke sa su zauna. Na zaɓi garinmu ne don ba na iya magana da baƙi. Ko a aji, in malami ya kira sunana, sai in ji muryata ta maƙale. Na ce a gida dai kowa ya san ni, zan miƙa takarda, in sunkuyar da kai, in rubuta.

Gida arba'in na shiga cikin kwana tara. Mata a tsakar gida, maza a zaure, ni ina daga bakin ƙofa. In na karanta tambayar farko, ko kwarin yana damun mutum, sai ya dubi ƙofa tukuna, sannan ya rage murya ya ce yana hana shi barci. In na tambaya ko yana ganin maƙwabtansa ma sun damu, sai ya ce, "Ina fa. Ni kaɗai nake haukana. Kowa harkar gabansa yake." Gida arba'in, amsa ɗaya. Wani ma katanga ce kawai tsakaninsa da wanda ya gaya mini haka minti goma da suka wuce.

Tambaya ta uku ita ce me mutum ya taɓa yi a kai. Nan sai wasu su dubi hannunsu. Wasu kuma ni suke duba, wani irin kallo mai tsawo da ban gane ba, irin wanda ake yi wa mara lafiyan da bai san ciwonsa ba.

A wajen famfo na ji sauran. Mata suna cewa tun bara jema take fitowa a bakin kwarin. Jema ciyawar fadama ce, ba ta da abin yi a kan jan tudu irin namu. Amma masu zuwa gona suna ganin ta, tushe nan, tushe can, kuma duk mako sai an ga sabo, da ƙasa a jiƙe a gindinsa alhali ko ɗigo ba a yi ba.

"Masu wurin ne," in ji wata. "Shinge suke yi. Suna nuna iyakarsu."

"Ke dai bari. Ba ga Hammawa can a kwance ba?"

Baffa Hammawa dattijo ne mai shanu, gidansa ne na ƙarshe ta arewa. Shi kaɗai ya taɓa zuwa ƙofar mai unguwa ya ɗaga murya a kan tifofin da ke kwasar yashi a ƙasan kwarin, ya ce su suke janye masa ƙafa yana zubowa. Bayan nan, a tsakiyar daminar bara, aka ga ya sauka cikin kwarin da rana tsaka. Washegari ya tashi ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki ya karkace, ba magana. Tun daga ranar babu wanda ya sake cewa tifa, babu wanda ya sake cewa kwari.

Na matsa kusa don in ji me ya kai shi ciki. Da suka lura da ni sai hirar ta mutu. Wata ta ce, "Rumasa'u, kawo bokitinki a tara miki," kamar ni ce baƙuwa.

Ranar Laraba na tafi Beli gaida Inna Laure, ƙanwar Umma. Sana'arta saƙar faifai, kuma tana da ɗan fili a fadama inda jemarta take. Na same ta a rumfa tana tsaga ciyawa da haƙori. Bayan mun gaisa, ta tambayi Baba, ta tambayi karatu, ta tambayi ko har yanzu ba na iya kallon idon mutum, sai ta ce:

"Ke, wai wace cuta ce ta shigo garinku? Sun ƙarar mini da jema."

Na ajiye kofin da ke hannuna.

"Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, kowa a kan babur ɗinsa, kowa da ɗan buhunsa. Ba ganye suke so ba, tushe suke so da ƙasarsa. Wannan ya ce maganin sanyi zai haɗa, wancan ya ce matarsa ce ke son saiwar ta yi turare. Turare da tushe guda! Kuma kowa in zai tafi sai ya ce, Laure, don Allah tsakaninmu. Ni kuwa tsakanina da mutum nawa ke nan? Sun haura ashirin. Har limaminku, da rawaninsa da komai."

"Malam Awaisu?"

"Shi fa. Ubanki kuwa sau uku." Ta tofar da ɗan tsinke. "Na farko ma ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Idonsa jajir."

A hanyar dawowa, babur yana tsalle a kan burji, na riƙa lissafa su a raina. Saiwar jema tana riƙe ƙasa, ashe su ne suke dasa ta a bakin kwarin a ɓoye. Kowannensu ya san nasa tushen da ya dasa. Kowannensu ya koma ya ga wasu tushen da ba shi ya dasa ba, ya ji abin da ake faɗa a gari, ya tsorata, ya yi shiru. Wataƙila wani ma yana ganin shi ya tsokano su. Na so in yi dariya, amma sai na tuna abin da Inna Laure ta ce game da idon Baba.

Na same shi bayan azahar yana gyaran ƙotar fartanya a inuwar rumbu. Na durƙusa nesa kaɗan. Na yi magana ina kallon ƙasa.

"Baba, na je Beli. Inna Laure ta gaya mini zancen jema."

Bai ɗago ba.

"Baba, ina Umma take?"

Ya ajiye fartanyar a hankali, kamar tana barci.

"Ranar wata Talata ce," in ji shi. "An kwana ana ruwa. Da hantsi na fita duba gero, na bi ta can baya. Sai na ga aduwar a ƙasa, cikin kwari, saiwarta a sama. Gefen da ya zube kuma... na ga fari. A jikin gaɓa, kamar tsayin mutum biyu daga sama."

Kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa a tsakaninmu. Babu wanda ya kore ta.

"Ba ni kaɗai ba ne. Akwai mutum uku a gonakinsu, kowa ya gani. Na dube su, suka dube ni. Na ce a raina yanzu wani zai yi salati, mu taru. Su kuma ina jin jira suke ni in fara, tunda tawa ce. Ni kuwa ƙafata ta ƙi. Wallahi Rumasa'u ta ƙi. Sai na ga ɗaya ya sunkuya ya ci gaba da noma. Sai na biyu. Ni ma sai na juya na dawo gida, na shiga ɗaki na rufe, wai in yi tunanin wanda zan kira."

"Sai Baffa Hammawa," na ce.

"Ya zo wucewa da shanu. Da na koma da la'asar babu komai a gaɓar, sai sawun ƙafarsa. Na ce gobe zan je in same shi. Kunya ta hana ni zuwa a daren. Da safe aka ce ya faɗi."

"To ina ya sa ta?"

"Ban sani ba." Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. "Na zagaya maƙabartar nan ya fi sau ɗari. Ruwa ya shafe komai a ranar. Jemar da nake dasawa, a bakin inda take a da nake dasawa. Ban san me nake tsarewa ba."

Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ya zo mini shi ne, Baffa Hammawa tsoho ne, shi kaɗai, ƙasa a jiƙe. Ba zai yi nisa da ita ba. Duk inda ya sa ta, kusa da baki ne. Ga shi gabas ta fara haɗa gajimare da yamma.

Na tafi gidansa. Matarsa, Goggo Hajo, tana dama fura a ƙofar ɗaki. Doguwa ce, siririya, ba ta rage murya don kowa. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "An gaya miki ke nan. Sun kyauta, bayan shekara."

Ta shigar da ni. Yana kwance a kan gadon kara, ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito. Na gaishe shi. Idonsa ya tsaya a kaina, ya cika da ruwa. Sai hannunsa na hagu ya tashi daga kan tabarma, ya miƙe ya nuna bango. Bangon kudu maso yamma. Can ta wannan fuskar maƙabarta take.

"Kullum haka yake in hadari ya taso," in ji Goggo Hajo. Ta yi masa magana da Fulatanci, a tausashe, ta kama hannun ta kwantar. Ya sake tashi. "Ranar ya shigo mini da laka har ƙirji. Ya buɗe akwati ya ɗauki likkafanin da ya ajiye wa kansa, ya ɗauki sangwamin haƙa, ya fita. Da ya dawo ya ce, Hajo, na mayar da matar Nasidi, uwar Rumasa'u, ɗakinta, gobe zan nuna masa wurin. Goben ce ba ta zo masa da baki ba."

"Goggo, mutane suna cewa..."

"Na san abin da suke cewa. Likita a Ƙaraye ya ce hawan jini ne, ya daɗe da shi, ga shi ya yi haƙa shi kaɗai da tsufa. Amma wa zai saurari likita, ga labari mai daɗi? Sau nawa na aika a zo a ɗauke shi a kai shi ya nuna? Wannan ya ce sai an yi shawara, wancan ya ce bari a ga ƙarfin jikinsa. Ƙarfin jikinsa! Jiya ko kunu bai haɗiye ba."

Na dubi hannun. Yatsa ɗaya a miƙe, sauran a lanƙwashe. Bai sauka ba.

A tsakar gidan akwai kurar ɗiban ruwa, irin mai taya biyu da ake jera jarkoki. Na tsaya ina kallonta. Ni dai na san ba zan iya tsayawa a gaban maza in yi jawabi ba, ko da takardu arba'in a hannuna. In na buɗe baki, iska ce za ta fito. Amma turi ba ya bukatar murya.

"Goggo," na ce, "in muka shimfiɗa katifa a kan wannan, zai iya zama?"

Ta dubi kurar, ta dube ni. Sai ta ɗaure zaninta.

Mun sauke jarkokin, mun sa katifa da matashi biyu, mun ɗauko shi. Bai fi nauyin ɗan maraƙi ba. Goggo ta yafa masa farin mayafi don rana, ta riƙe kafaɗarsa, ni na kama ƙarfen turi. Hanyar maƙabarta daga gidansu dole ta bi ta gaban masallaci, kuma an idar da la'asar ke nan, maza suna zaune a gindin ceɗiya.

Tayar kurar tana da wani kuka, ƙiii, ƙiii, duk juyi ɗaya. Shi ya fara isa gare su. Na ga kawuna suna juyowa. Abin da suka gani shi ne mata biyu, da wani abu a lulluɓe da fari, da hannu ɗaya a miƙe yana nuna gaba. Hira ta tsaya cak. Wani ya yi salati.

Muntaka mai faci ne ya fara magana, da 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Goggo Hajo, ina zuwa da ango haka? Asibiti ai ta can take."

"Maƙabarta za mu."

"Subhanallahi. Da ransa?"

"Da ransa. Shi ya sa muke sauri."

Malam Awaisu ya miƙe, yana gyara rawani. "Hajo, Rumasa'u, ku dakata. Kun san mata ba sa shiga wurin nan. Ba a taɓa yi ba a garin nan."

"Allah gafarta Malam, mun sani," in ji Goggo. "Mun duba ne ba mu ga maza ba. Tura, 'yar nan."

Na tura. Idona yana kan taya. Ina jin idanunsu a bayan wuyana. Ƙiii, ƙiii. Mun wuce ceɗiya. Mun wuce shagon Muntaka. Daga nan sai gidaje uku, sai fili.

Sai na ji takun mutum a bayana, sai wani hannu ya sauka a kan ƙarfen, kusa da nawa. Na san hannun, da tabon lauje a babban yatsa.

"Saki," in ji Baba.

Na saki. Muntaka ya zo ya kama ɗaya gefen yana cewa, "Wallahi Goggo kin iya tozarta mutum." Malam Awaisu ya bi su. Sai sauran suka taso, ba don kwari ba, ba don tifa ba, sai don kada a ce suna zaune mata suka shiga maƙabarta. Na ƙirga mutum talatin da ɗaya.

Ni da Goggo muka tsaya a jikin katangar gidan ƙarshe. Daga nan ana ganin komai, amma ba a jin magana. Ban taɓa matsowa kusa haka ba. Kwarin ya fi yadda nake zato. Bakinsa ja ne, a tsaye kamar an yanka da wuƙa, kuma ba a ganin ƙasansa. Ga jemar nan kore shar a warwatse a gefensa.

Suka shiga da kurar a hankali, suna kauce wa kaburbura. Hannun yana gaba, suna bin sa. In sun karkace sai ya ja su. Suka yi kudu, suka wuce duk inda jema take, har wani ɗan fili da babu ko tsinke. Nan hannun ya sauka, ya nuna ƙasa.

Na ga Baba ya durƙusa. Na ga ya dafa ƙasar da hannu biyu. Malam Awaisu ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ni ma na ɗaga daga inda nake, kuma karo na farko cikin shekara guda addu'ata ta san inda za ta.

Da aka shafa, babu wanda ya juyo. Sun tsaya cirko-cirko suna kallon jemar. Sai na ga Malam Awaisu ya ware, ya taka zuwa wani tushe, ya tsaya a kansa. Can sai Muntaka ya nufi wani. Sai wani, sai wani. Cikin ɗan lokaci bakin kwarin ya cika da maza a tsaye, kowa a gaban tushensa, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Babu tushe ɗaya da ya rasa mai shi. Iska ta taso tana kaɗa rigunansu, su kuwa ko motsi.

"Ga masu wurin nan," in ji Goggo Hajo.

Daga can ƙasa, inda ba ma gani, wani abu ya zube. Ƙara ce mai nauyi, kamar an sauke buhu daga kan mota, sai jar ƙura ta taso daga cikin kwarin ta tsaya a iska. Babu wanda ya gudu. Malam Awaisu ya tattare rigarsa, ya sunkuya, ya tona tushensa da hannu, ya ɗauko shi da ƙasarsa ya kawo tsakanin Umma da bakin kwarin. Sauran suka bi. Wani ya ruga gari ya dawo da fartanyoyi. Suka jera su kusa da kusa, sahu guda, yadda ruwa ba zai sami ƙofa ba.

Rana ta kusa faɗuwa suka fito. Baffa Hammawa ya yi barci a kan kurar, hannunsa a kan cikinsa. Muntaka yana gaya wa na kusa da shi cewa ranar Asabar za a je Beli da mota a kwaso jema, a kuma biya ta ƙofar mai unguwa kan maganar tifofi, gaba ɗaya, kowa da bakinsa. Yana faɗin "kwarin" da ƙarfi, yana maimaitawa, kamar mai gwada sabon takalmi.

Baba ya tsaya a gabana, gwiwoyinsa duk jar ƙasa.

"Taku bakwai ne daga baki," in ji shi. "Na sa dutse."

"Bakwai naka ko nawa?"

"Nawa."

Ruwan farko ya sauka kwana biyu bayan nan, tun daga azahar har magariba. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina jin yadda yake gudu a lungu, duk ya nufi yamma. Da gari ya waye Baba ya fita, na ji muryoyi suna jiransa a waje. Ban iya karyawa ba. Na share tsakar gida sau biyu.

Da hantsi ya dawo. Ya tsaya a zaure yana kankare laka daga takalminsa, ni ina tsaye da tsintsiya.

"Ta wajen tsohuwar aduwa ya ci sosai," in ji shi. "Wajenta bakwai ne har yanzu."